Wa Ya Faɗa Maka?



Zan fara da tona wa kaina asiri, don kada wani ya ce na hau kan tabarmar wa'azi alhali ni ma da laifi a wuyana. A fitowa ta uku ta wannan littafi, ni ne na rubuta shafi biyu a kan wata ƙungiyar makaɗa ta nan Gaya. Ba zan kama sunanta ba, abin da na jawo musu ya isa haka. Na rubuta cewa sabon albam ɗinsu zai fito ranar Sallar Layya, cewa waƙoƙi goma ne a ciki, cewa a Kwatano aka ɗauke su, kuma cewa akwai waƙa guda da ta caccaki manya a kan rufe gada. Magana huɗu na faɗa, kuma a cikin huɗun nan babu ko ɗaya da ta zama gaskiya.

Daga ina na samo? A wani zauren WhatsApp aka turo saƙon murya na minti biyu. Wani mutum ne yake magana, ya ce shi ɗan'uwan mai buga gangar ƙungiyar ne. Washegari sai ga fosta mai kyau da hoton makaɗan da ranar fitowa. Bayan kwana biyu kuma sai ga guntuwar waƙa ta daƙiƙa talatin, an rubuta sunan ƙungiyar a kanta. Na ce a raina, to me ya rage? Shaida uku ke nan. Daga baya ne na gano cewa wani yaro ne ya haɗa fostar a wayarsa bayan ya saurari saƙon muryar nan, guntuwar waƙar kuwa tsohuwar waƙar wani ce daga ƙetaren gulbi, aka sake mata suna. Ashe shaidata ɗaya ce tal, ita ma ban san fuskar mai ita ba.

Mako biyu bayan fitowar littafin, ina zaune a fada muna jiran shayi na biyu, sai ga shugaban ƙungiyar a kan babur. Ya yi sallama, ya zaro takardar daga aljihu, duk ta tattakure.

"Ƙanena, kai ka rubuta wanga?"

Na ce, "Ni ne, Yaya."

"To madalla. Wa ya faɗa maka?"

Na buɗe baki, ban sami sunan da zan kama ba. Na ce, "An ce ne."

Ya yi ɗan murmushin da ya fi zagi ciwo. Ya ce, "Gidana daga lakwal ɗinku ko kabu-kabu ba ka buƙata. Ka tsallake ni, ka tafi ka tambayi waya. Waƙa huɗu munka gama, ƙanena, a wani ɗaki a Doso. Ba mu taɓa taka Kwatano ba. Kuma mu waƙar biki muke yi, ina ruwanmu da gada?"

Sannan ya lissafa min ɓarnar. Alhajin da ya yi alkawarin biyan sauran kuɗin situdiyo ɗan kasuwa ne mai harkar kaya a kan iyaka. Wani ya ɗauki hoton shafina ya tura masa, nan take ya janye hannunsa, ya ce ba za a haɗa sunansa da waƙar zagin hukuma ba. Biki biyu da aka riga aka ba su kafin alƙalami, aka karɓe aka ba wasu. Mutum bakwai ne a ƙungiyar nan, huɗu masu iyali. Ni na sami yabo a fada na kwana uku, su kuma har yau albam ɗin bai fito ba.

Shi ya sa a taronmu na watan jiya na kawo shawarar mu kafa doka: duk wanda zai rubuta labarin faifan da bai fito ba tukuna, sai ya nuna wa taro inda ya samo kowace magana. Na zaci za a amince cikin minti biyar. Sai ga shi an taso min da hujja uku, kuma don amsa su ne na ɗauki biro yau.

Hujja ta farko: "Haba, waƙa ce fa, ba siyasa ba"

Wanda ya faɗi haka abokina ne, kuma na san ba da mugunta ya faɗa ba. Amma ina tambayarsa: waƙar nan a wurin wa take wasa? A wurinka mai sauraro. A wurin mai yin ta, ita ce gonarsa, ita ce rumfarsa ta kasuwa. In ka rubuta cewa shinkafar wani ɗan kasuwa ta ruɓe alhali lafiyarta lau, kowa ya san ka cuce shi. To mene ne bambancinsa da wanda ka jingina wa waƙar da bai yi ba?

Kuma a garin nan, wa ya isa ya raba waƙa da siyasa da zarar an ambaci gada? Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da takunkumin da CEDEAO ta sa a ƙarshen watan, da toshe gadar da ta haɗa mu da Malanbil, kowa ya ga yadda abinci ya koma. Mun ga motoci sun yi layi sun tsaya, mun ga mutane da kaya sun koma tsallaka gulbi cikin kwalekwale. A irin wannan yanayi, ka ce wane ya yi waƙa a kan gada daidai yake da ka ɗora masa kayan da bai ce zai ɗauka ba. In ya yi ta da kansa, ya san abin da ya taka, kuma haƙƙinsa ne. Kai ba ka da ikon zaɓa masa.

Mu ma kanmu ba mu tsira ba. Ƙasarmu tana da dokar laifukan intanet tun 2019. A 2022 an cire hukuncin ɗauri a kan ɓata suna, a watan Yunin 2024 aka maido da shi. Kada wani ya ce ai mu a takarda muke bugawa. Takardata minti nawa ta ɗauka kafin ta zama hoto a waya? Ban kawo wannan don in tsorata kowa ba, ko don in ce mu yi shiru a kan gaskiya. Cewa nake, in har za ka shiga wahala saboda rubutu, to ya zama a kan abin da ka tabbatar, kada ya zama a kan saƙon muryar da ba ka san mai ita ba.

Hujja ta biyu: "In munka tsaya bincike, wasu za su riga mu"

Wannan ta ba ni dariya. Su wa za su riga mu? Mu da muke fitowa sau ɗaya a wata biyu, sai mun yi karo-karo kafin mu biya mai fotokopi, in an ɗauke wuta mu jira gobe? Kafin mu gama ɗinke shafuka, labari ya je Kamba ya dawo sau goma a waya. Tseren sauri mun faɗi tun ba a busa usur ba. Abu ɗaya ne kawai zai sa ɗalibi ya ciro kuɗin karin kumallonsa ya sayi takardunmu: ya san abin da ya karanta a nan an tace shi. Ranar da muka zama WhatsApp na takarda, gara ya tsaya a na waya, shi kyauta ne kuma da hotuna masu kala.

Ku dubi ƴan canji na garin nan. Akwai wanda zai ba ka naira a kan farashin "an ce"? Sai ya kira mutuminsa a Kamba, ya sake kiran wani, sannan ya buɗe jaka. Mai kwalekwale ba ya loda buhuna don wani ya ce masa ruwa ya kwanta, sai ya je bakin gulbi ya duba da idonsa. Mutanen nan da yawansu ba su zauna aji ba, amma sun fi mu sanin darajar majiya, don in sun yi kuskure aljihunsu ne zai yi kuka. Mu kuwa in muka yi kuskure aljihun wani ne yake kuka, shi ya sa muke sakaci.

Hujja ta uku: "Ai a intanet na gani, har Turawa sun rubuta"

Nan ne nake son mu ɗan zauna, don nan ne mafi yawanmu muke faɗuwa. Bari in kawo misalai daga makaɗan ƙasarmu da duniya ta sani.

Ku ɗauki Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008. Ba ta shago ya yaɗu ba, ta Bluetooth da katin memori ya bi, daga waya zuwa waya, har ya kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da waƙarsa Tahoultine cikin wayoyin mutane, ba cikakken suna ba adireshi. Da ya tashi fitar da tarin nan mai suna Music from Saharan Cellphones a faifai a 2011, sai da ya bi sawun masu waƙoƙin don ya san ko su wane ne, ya kuma ba su rabonsu. Abin lura a nan shi ne, sunan da ke kan waƙa a cikin waya ba shaida ba ne. Kowa na iya goge shi ya rubuta nasa cikin daƙiƙa biyar. Haka aka yi min. Haka kuma ake yi kullum a YouTube, inda za ka ga an ɗauko tsohuwar waƙa an manna mata "sabuwa" da shekarar bana don a tara masu kallo. Yanzu ma abin ya ƙara lalacewa, tunda akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum.

Misali na biyu daga ƙungiyar Mdou ɗin ne dai. Albam ɗinsu Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, ya fito ranar 3 ga Mayu 2024 a kamfanin Matador. Wanda ya dubi sunan, ya dubi ranar, ya tuna abin da ya faru a Yamai a Yulin 2023, nan da nan zai rubuta cewa martani ne ga juyin mulki. Ya yi kuskure. An ɗauki waƙoƙin tun kafin juyin mulkin. Wanda aka ɗauka bayansa shi ne Tears of Injustice, lokacin da rufe iyakoki ya rutsa da su suna rangadi a Amurka suka kasa dawowa gida, sai suka sake buga waƙoƙin nan da sassauƙan kiɗa a wani situdiyo a birnin New York. Ranar fitowa daban, ranar ɗauka daban. Wanda bai raba biyun nan ba zai sa wa mawaƙi maganar da bai yi ba.

Shi kansa Tears of Injustice ɗin akwai darasi a cikinsa. Da farko an sanar da cewa a watan Janairun 2025 zai fito, amma sai ƙarshen Fabrairu ya fito. To in kamfani mai ofis da ma'aikata da kuɗi zai sa rana ta gusa, ina ga ƙungiyar unguwarmu da ke jiran alherin alhaji guda? Saboda haka ko daga bakin mai ita ka ji, kada ka rubuta "zai fito ranar kaza" kamar kai ne mai iko da gobe. Rubuta: "Shugaban ƙungiyar ya faɗa min ranar kaza cewa suna sa ran fitar da shi a wata kaza." In rana ta gusa, kai ba ka yi ƙarya ba, shi ma ba ka mai da shi maƙaryaci ba.

Misali na uku, Tal National ta Yamai, ƙungiyar Almeida. Faifansu Kaani ya fito a kamfanin FatCat na Ingila a 2013, Zoy Zoy ya biyo a 2015, sai Tantabara a 2018. Wanda ya tsaya a shagunan waje zai ɗauka Kaani ne na farinsu, alhali sun fitar da wasu a gida kafin shi, ana sayar da su a Yamai. A nan mai sayar da faifai a kasuwa ya fi babban shafin intanet sani. Kowace majiya da iyakar ganinta. Baturen da ke London zai iya ba ka ranar da faifai zai shiga shagunansu daidai, amma bai san abin da aka buga a bikin unguwa shekara biyar kafin nan ba.

Sai na ƙarshe, wanda na ji da kunnena a fada: wai Bombino ya ci Grammy. Abin da ya faru shi ne, albam ɗinsa Deran na 2018 ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don takarar kyautar, kuma wannan kaɗai abin alfahari ne ga Nijar. Amma ƙungiyar Soweto Gospel Choir ta Afirka ta Kudu ce ta ɗauka a 2019. Tsakanin "an sa shi takara" da "ya ci" kalma biyu ce, kuma a irin wannan ɗan tsakanin ne ƙarya take shiga. Ba kullum maƙiyi ne ke ƙirƙiro ta ba. Sau da yawa masoyi ne, ya ji rabi, zumuɗi ya cika masa sauran.

Abin da nake nema a wurinku

Ba wani abu nake ce mu ƙirƙiro ba. Duk wanda ya zauna gaban malam a islamiyya ya ji yadda malaman hadisi suke bin isnadi, wane ya ji daga wane, shin sun ma haɗu, shin mai riƙon magana ne. Mun san wannan tun muna yara, sai dai muna cire shi tare da takalmi in za mu shiga intanet. Ga tambayoyin da nake so kowa ya amsa a gaban taro kafin rubutunsa ya je wurin mai fotokopi.

Ɗaya, wa ya faɗa? Mutum mai suna da fuska nake nufi. "An ce", "majiya mai tushe", "wani na kusa da su", duk waɗannan riguna ne da muke sa wa rashin sani. In mutumin ya roƙi a sakaya sunansa, to, amma a ƙalla mutum biyu a cikinmu su san ko wane ne.

Biyu, shi kuma a ina ya sani? Yana cikin ɗakin da aka ɗauki waƙar, ko shi ma ji ya yi? Shugaban ƙungiya da mai situdiyo da wanda ya sa kuɗi, su ne a sahun gaba. Ɗan ƙungiya na biye, don ba kowane mai buga jita ne ya san maganar kuɗi da rana ba. Ɗan'uwan mai ganga kuwa, in ma da gaske ɗan'uwan ne, yana can baya tare da mu.

Uku, me zai samu in na yarda? Mai shirya wasa yana son a cika fili. Mai shafi yana son mabiya. Wanda aka kora daga ƙungiya yana da nasa ciwon. Shi kansa mawaƙi yana iya zuzuta abinsa, ya ce ya gama alhali saura rabi. Wannan ba ya hana a saurare su, sai dai a san ta wane ɓangare maganar ta karkata.

Huɗu, majiyoyin nawa ne da gaske? Shafi goma da suka kwafi juna, majiya ɗaya ce. Ka bi su baya-baya har ka kai na farko, ka duba ranarsa. In shafin Facebook ne da sunan mawaƙin, ka tambaye shi ko nasa ne, don wasu mawaƙan ba su ma san an buɗe musu shafi ba.

Biyar, na tambayi mai abin? Hausawa sun gama magana da suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Makaɗan Gaya ba a wata duniya suke ba. Kira ɗaya ne, ko tafiyar minti goma. In ya ƙi magana, ka rubuta cewa ka neme shi bai amsa ba. In ya ce kada a faɗi wani abu tukuna, ka auna, sau da yawa yana da dalilin da kai ba ka gani ba.

Sannan in mun yi kuskure duk da haka, don za mu yi, gyaran ya fito a shafin farko na fitowa ta gaba, da sunan wanda ya yi kuskuren. Kada a ɓoye shi a ƙasan shafin ƙarshe da ƙananan baƙaƙe.

Na san abin da wasu za su ce: in aka bi wannan, rabin labaranmu na mawaƙa ba za su fito ba. Gaskiya ne, kuma ban ga asara a ciki ba. Sauran rabin za su fi nauyi. Wanda ya je ya zauna da makaɗi awa ɗaya zai dawo da abin da babu shi a wayar kowa: nawa ake biyan situdiyo, me ya sa ake waƙa ɗaya da Dandanci da Hausa da Zabarmanci, yadda rufe gada ya rage musu bukukuwan ƙetare, in shi ya ga damar faɗa. Wannan shi ne rubutun da ya cancanci kuɗin fotokopi.

Ni dai na fara da kaina. Na koma gidan Yayan nan na ba shi haƙuri a gaban yaransa. Ya ce ya yafe, amma ya ƙara da cewa yafiya ba ta biyan situdiyo. Na je wurin alhajin ma tare da wani dattijon unguwarmu, na faɗa masa cewa ni na ƙaga, ba su ba. Ya saurare ni, ya ce zai duba. Har yanzu yana dubawa.

Don haka ga gyarana a rubuce, kamar yadda na nema a riƙa yi: abin da na buga a fitowa ta uku a kan ƙungiyar nan ba gaskiya ba ne, babu waƙar gada, babu ranar fitowa, kuma laifin nawa ne ni kaɗai. Duk wanda ya tura hoton wancan shafi, ina roƙonsa don Allah ya ɗauki hoton wannan ya tura inda ya tura na farko.

Taronmu na gaba ranar Asabar ne bayan la'asar, kuma zan sake kawo shawarar nan a kaɗa ƙuri'a. Wanda bai yarda ba ya zo da hujjarsa, a shirye nake in saurara. Sai dai ya sani, duk abin da ya kawo, tambayar da Yaya ya yi min ita zan yi masa.

Allah ya sa mu gyara. Wassalam.